Girkin da Ba Ya Kiran Giya

Kinue Uratani ba ta iya girkin da ba ya kiran giya ba. Ba a koya mata shi ba, ba ta ma san akwai shi ba, sai da ta haura saba'in wani likita da ta isa ta yi jika da shi ya dube ta ta saman tabarau ya ce daga yau shi za ta riƙa yi, in dai tana so mijinta ya ga baɗi. Abin da ya fi ƙona mata rai yadda ya faɗi maganar, kamar mai cewa ta rage sukari a shayi.

Ita ba 'yar bakin teku ba ce. A cikin duwatsu aka haife ta, inda kifi sai busasshe, shi ma sai ranar biki. Da idonta ta ga wani saurayi masunci, Genzo, ya kawo kifi kasuwa, ta ce ta ji ta gani, aka kawo ta wani ɗan ƙauyen masunta a gaɓar Wakasa, gidaje a cunkushe tsakanin dutse da ruwa, kowane gida da rumfar gangunan kifi a bayansa. Ranar da ta fara girki a gidan ta zage ta yi dahuwar da uwarta ta koya mata, kabewa da wake da ɗan zaƙi-zaƙi. Surukarta, tsohuwa Tsune, ta ɗanɗana ta ajiye cokali.

"Ya yi daɗi," in ji tsohuwar. "Wannan na shinkafa ne. Ina na giya?"

Daga ranar Kinue ta san abinci iri biyu ne a gidan masunci. Akwai wanda ake tura shinkafa da shi, akwai kuma wanda ake jera wa maigida a 'yan ƙananan faranti idan ya dawo daga ruwa ya yi wanka ya zauna gaban ɗan tulun sake, wato giyar shinkafa. Shinkafa ba ta fitowa sai ya kife finjalinsa, don ita da giyar uwarsu ɗaya, ba a haɗa su a tebur. Duk wanda ya kawo shinkafa ya ce an gama sha ke nan.

Tsune ba da baki take koyarwa ba, da tsaki take koyarwa. Da tsakin nan Kinue ta koyi heshiko: a feɗe wani kifin teku mai kitse da ake kira saba, a kwantar da shi cikin gishiri, a kwashe a binne shi cikin dusar shinkafa a gangar katako, a danne da dutse, a bar shi ya sha zafin bazara har sanyi ya shigo. Abin da ke fitowa ba abincin mai jin yunwa ba ne. Yanka ɗaya ya isa ya murɗe maka harshe. Amma ka bi shi da giyar ƙauyen, wadda ake dafawa a gindin dutse, mai kaifi marar zaƙi, a ɗumama ta har gindin tulun ya ciji yatsa, sai gishirin ya narke, kitsen ya buɗe, bakin ya wanku tas ya ce a ƙaro. Don juna aka yi su. Ɗanyen kifi na lokacin zafi ba ya son giya mai ɗumi, sai an tsoma kwalbar a ruwan rijiya. Kifin da aka dafa da romo kuma ɗumin jiki kawai yake so, ya wuce haka ka ɓata duka biyun.

Ita kanta ba ta sha. Kurɓi ɗaya ta taɓa yi ranar aurenta, fuskarta ta yi jajur, ta wuni tana amai. Don haka duk abin da ta sani a jikin Genzo ta gano shi. Idan ya ci loma ya ci gaba da surutu, girkin ya faɗi. Idan ya ci ya yi shiru, hannunsa ya saki tsinken cin abinci ya tafi wajen finjali ba tare da ya duba ba, to an dace.

Sai kuma zubawa. A ƙauyen nan namiji ba ya zuba wa kansa giya. Mai zuba wa kansa shi ne wanda matarsa ta mutu ko ta gudu, 'ya'ya suka watse, abokai suka daina leƙo shi. Irinsa ake nunawa da baki a wuce. Genzo ya riƙe wannan al'ada kamar da ita aka haife shi. Tulun na gabansa, ba sai ya miƙa hannu sosai ba, amma in finjali ya ƙare sai ya zauna ya zuba masa ido har Kinue ta baro murhu ta zo. Ba ya ma kira. Ɗan tari kawai yake yi.

Kada wani ya zo ya ce maka soyayya ce. Wahala ce. Shekara hamsin tana zarya tsakanin murhu da tebur, shinkafarta tana hucewa a tukunya, tana zaginsa ƙasa-ƙasa, yana ji yana yin kunnen uwar shegu. Amma ka kuskura ka ce mata akwai matar da ta fi ta iya tarbar miji da yamma a duk gaɓar nan, za ka ga tashin hankali. Masunta kan ƙirƙiro dalili su biyo Genzo gida, wannan ya zo aron igiya, wancan ya zo tambayar iska, duk don a ce su zauna. Kinue tana mita tana ƙara faranti. Ba ta da wani abin alfahari a duniya da ya wuce wannan, kuma ta sani.

Shi kuwa Genzo ba mashayin banza ba ne. Bai taɓa tangaɗi a hanya ba, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai taɓa makara fita ruwa ba. Abinsa kaɗan ne, sai dai kullum ne. Kullum ɗin nan ce ta taru ta same shi wata safiya da kaka, yana zaune a bakin tashar jiragen ruwa yana ɗinkin koma, ya sunkuya ya yi aman jini a kan ƙafarsa.

A asibitin birni aka ce hantar ta ƙeƙashe, jijiyoyin maƙogwaro sun kumbura har ɗaya ta fashe. An ɗaure ta. In ta kuma fashewa ba lallai a kai shi da rai ba. Giya ko ɗigo, gishiri kuma sai a yi kamar ba a san shi ba. 'Yarsu tilo, Yoriko, ta taho daga birnin Osaka a ranar, ta saurari likita tana gyaɗa kai, sannan ta ja uwarta zuwa ƙarshen baranda inda ake ajiye kekunan marasa lafiya.

"Mama, tun yaushe yake sha kullum?"

"Tun kafin a haife ki."

"Kuma bai taɓa zuba wa kansa ba."

"Kin san ubanki."

"To wa ya zuba masa?"

Kinue ta dube ta. "Me kike so ki ce?"

"Ban ce komai ba, tambaya na yi. Duk ɗigon da ya ci masa hanta ta hannunki ya bi, Mama. Kuma ke kike yin abin da ke sa shi nema. Ina gani tun ina yarinya, in ya tashi da wuri sai ki kwana kina tunanin me ya rasa a girkin."

"Ke da kike lashe dusar kifin a faranti tun ba ki da haƙori? Yau kin je birni kin dawo kina koya mini zama da miji?"

"Ba zama da miji nake koya miki ba. Cewa nake kada ki ƙarasa shi."

Ba don masu jinya na wucewa ba, da Yoriko ta sha mari a ranar, ko da yake ta kusa hamsin. Kinue ta haɗiye, ta juya ta tafi ta zauna a gefen gadon Genzo tana huci. Ta juya maganar ta kowane gefe tana neman inda za ta kama ƙarya a ciki, ba ta samu ba. Wannan ne ya fi mata ciwo.

Kafin a sallamo shi Yoriko ta bi gidan ta tuttular da kwalabe a kwata, ta ɗora tulu da finjali a can saman kanta inda sai an taka kujera. Gangunan heshiko kuma ta raba wa maƙwabta, sai guda ɗaya a lungun rumfa da bai nuna ba, dutsensa kuma ya fi ƙarfinta. Ta ce duk Lahadi za ta riƙa zuwa. Kinue kuwa, tun da an ɗora mata jakar tsaba, to za ta nuna musu. Hannun da aka ce shi ya kashe mutum, shi zai raya shi, kowa ya gani.

Yammar farko da ya dawo gida, Genzo ya yi wanka ya zo ya zauna a mazauninsa. Kinue ta fito ta dire masa kwanon shinkafa. Babu ɗan faranti, babu komai a gaba, shinkafa tsagwaronta da miya. Ya dubi kwanon kamar an zage shi a gaban baƙi. Ya ɗaga kai ya dube ta.

"Me kake kallo, Baba?" Haka take kiransa tun da aka haifi Yoriko. "Ci."

Ya ɗauki tsinke.

Daga nan ta shiga yaƙi da hannunta. Ta je wajen matar ɗan maƙwabta, yarinyar da ta daɗe tana raina wa girki, ta sauke kai ta tambaye ta me yara ke ci. Ta koyo shinkafa da miyar kori, ta koyo taliya da jan tumatirin kwalba mai zaƙi, ta koyo wata farar miya ta madara da ko ƙamshinta ba ta iya jurewa. Duk abin da ta san giya za ta gani ta juya baya, shi take nema. Amma hannun da ya yi shekara hamsin yana abu ɗaya ba ya jin magana. Ta dafa awara fara fat, kafin ta ankara ta goga mata citta, ta ajiye, sai ta ga idon Genzo ya tafi saman kanta. Ta fizge farantin ta juye a shara. Ta dafa ganye, ya yi ƙamshi, idonsa ya kuma tafiya. Har ta kai in girki ya yi mata daɗi a baki sai ta ƙara masa ruwa.

Ana cikin haka Tome ya zo. Tome, wato Tomekichi, abokin jirgin Genzo ne tun suna samari, matarsa ta rasu da daɗewa, shi ne mutumin da kowa ya san yana zuba wa kansa. Ya tsaya a ƙofa da ƙaguwar farko ta shekara a cikin bokiti, tana motsi.

"Kinue-san," ya ce, da ɗafin girmamawa da suke liƙa wa suna, "na kawo wa marar lafiya."

"Ka kawo masa ko ka kawo wa kanka? Mayar da ita ruwa."

"Haba, ƙaguwa ce fa, ba giya ba."

"Ƙaguwa da me ake cinta a garin nan, Tome-san? Da ruwan zafi?"

Tome ya sosa ƙeya. "In ta wannan ne ai kin shiga uku. Kakana da alewar wake yake sha. Ubana in babu komai gishiri yake lasa a bayan hannu. Me za ki dafa da ba za ta bi ba? Sai dai ki ba shi sabulu."

"Zan ba shi sabulun. Kai dai tafi ka zuba wa kanka, tun da ka saba."

Ta ga maganar ta shige shi, don fuskarsa ta sauya, amma ba ta janye ba. Ya ɗauki bokitinsa ya juya. Daga cikin ɗaki Genzo yana jin komai, bai ko yi tari ba.

Shirun nan nasa shi ya fi ci mata tuwo a ƙwarya. Da ya roƙa, da ya yi faɗa, da ya ɓoye kwalba a jirgi kamar yadda kowane tsoho mai hankali zai yi, da ta sami abokin rigima ta huce a kansa. Ina. Mutumin nan ya yi wa likita alkawari ya riƙe. Bai nema ba, bai ambata ba. Sai dai ya daina ci. Zai zauna, ya kai loma biyu, ya tauna kamar mai tauna tsumma, ya ajiye tsinke ya ce an gode, ya ƙoshi. Tun yana saurayi bai taɓa cin abincin yamma ba tare da giya ta buɗe masa hanya ba, yanzu maƙogwaron ya ƙi karɓa. Da na yamma ya tafi, sai na rana ya bi shi. Wandonsa ya fara zamewa. Wuyansa ya fito daga riga kamar na kazar da aka fige.

Da suka koma ganin likita, ya ɗora shi a sikeli, ya duba, ya ɓata fuska.

"Uratani-san, mijinki ba ya cin abinci. Hanta irin wannan in ba ta sami abinci ba ai ba sai giya ta kashe shi ba. Me kike dafa masa?"

Nan idonta ya rufe.

"Me nake dafa masa? Abin da kuka ce. Kun ce girkina ne ya kwantar da shi, na daina. Kun ce gishiri, na daina. Na dafa abin da ko kare ba zai ci ba don kada ya tuna masa da giya, yanzu kuma ni ce ban ciyar da shi ba? In na dafa mai daɗi na kashe shi, in na dafa marar daɗi na kashe shi. To likita, faɗa mini wanda zan dafa. Faɗa mini sunansa, in je in dafa yau."

Likita ya gyara tabarau ya ce akwai wani abin sha na gwangwani mai gina jiki, ɗanɗanon ayaba da na madara, za a ba su su tafi da shi. Genzo yana zaune a gefe yana kallon ƙafarsa. A mota suna komawa ta zage likitan, ta zage uban da ya tura shi makaranta, ta zage ayaba. Da ta gama ta juyo kan mijin.

"Kai kuma ka buɗe baki ka ce wani abu mana. Ana magana a kanka kamar buhu."

"Me zan ce?" in ji shi. "Kin faɗa duka."

Gwangwanayen suka taru a lungun ɗaki. Yoriko takan zo ranar Lahadi ta fasa ɗaya ta tsaya a kansa har ya sha rabi, ta dubi uwarta da idon tuhuma, ta shiga mota ta koma. Ita ce ke tafiya. Kinue ce ke kwana da mutumin tana jin ƙasusuwansa suna taɓa tabarma.

Sanyi ya shigo sosai, ƙanƙara ta rufe rufin gidaje. Wata Lahadi da rana Kinue ta fita share ƙofar gida kafin motar Yoriko ta iso. Da ta dawo ba ta tarar da shi a ɗaki ba. Ta leƙa baya, ta ga sawun ƙafa a kan ƙanƙara ya nufi rumfa, sawun mai jan ƙafa.

Yana tsugune a lungu gaban gangar nan guda. Ya yi ƙoƙarin ture dutsen ya kasa, sai ɗan gefe da ya gusa, ya cusa yatsa ta nan ya lakato dusa. A gefensa ga kwalin giyar girki, wadda take ajiyewa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, irin wadda ake zuba wa gishiri don kada kowa ya sha. Yana riƙe da murfin roba na wata tsohuwar kwalba. Tana tsaye tana kallo ya karkata kwalin da hannu biyu, ya zuba wa kansa.

Ta yi zaton in ranar nan ta zo tsoro za ta ji. Ba tsoro ta ji ba. Wani baƙin ciki ne ya taso mata.

"Tun yaushe?"

Ya firgita, giyar ta zube masa a gwiwa. "Yau ne."

"Ƙarya kake."

"Yau ne, ke. Ɗaya na sha. Ba daɗi."

"Ina za ta yi daɗi? Giyar girki ce, tsoho. Ta wanke ƙarnin kifi ce. Da sanyinta, a murfin roba, a tsugune kamar ɓarawo. Kuma da hannunka." Muryarta ta karye a nan, ta ƙara ɗaga ta don kada ya ji. "Da hannunka, ina raye? Na mutu ne? Na gudu ne?"

"To wa zan kira?"

Ya ajiye murfin a ƙasa, ya share yatsansa a wando.

"Ba giyar nake nema ba," ya ce. "Yunwa nake ji. Tun da na dawo daga asibiti yunwa nake ji. In na sa abu a baki sai ya tsaya a nan, ya ƙi wucewa. Na ce ko in na jiƙa hanyar zai wuce." Ya dube ta. "Na yi ƙoƙari fa."

Ya yi ƙoƙari. Ita ma ta yi. Ga inda ƙoƙarin ya kawo su. Ta tsaya a ƙofar rumfar sanyi yana shigar mata ƙafa, ta dubi abin yadda yake ba tare da ta yi wa kanta ƙarya ba. In ta zuba masa, jijiyar nan za ta iya fashewa gobe, ko wata mai zuwa, kuma kowa zai san hannun wa ne. In ba ta zuba ba, zai ci gaba da narkewa a gabanta, ko ya dawo nan a ɓoye ya sha wannan ƙazantar shi kaɗai har a tsince shi a bayan ganga. Ta wannan hanyar ba wanda zai ga laifinta. Za ma a ce ta yi haƙuri.

"Tashi ka shiga ciki," ta ce. "Ka wanke hannu. Ka zauna a wurinka."

Ta ɗaura ɗankwali, ta sa kafaɗa ta ture dutsen da ya gagare shi, bayanta ya amsa, ba ta kula ba. Ta zura hannu har gwiwa cikin dusar mai sanyi ta zaro kifi ɗaya. Ya nuna. Ya yi ja kamar itacen da aka shafa wa mai. Ta ajiye shi a madafa, ta hura gawayi, ta fita ta tsallaka gida uku ta buga ƙofar Tome.

"Ba ni kwalba."

Tome ya dube ta, ya dubi dusar da ke hannunta. "Kinue-san, likita fa ya ce…"

"Na san abin da ya ce, ina wurin. Ka ba ni ko in shiga in ɗauka?"

Ya shiga ya fito da ita. Da zai miƙa mata sai ya riƙe wuyan kwalbar. "Za a zage ki."

"An riga an zage ni. Saki."

Ta taka kujera ta sauko da tulu da finjali, ta wanke ƙurar. Ta yanka kifin ta bar masa 'yar dusa a jiki, ta ɗora a wuta daidai yadda gefen zai soma baƙi. Ta yanka daikon, farin tushen nan mai ɗan yaji, falle-falle don ya kashe gishirin. Ta ɗora awara, ta goga mata citta ba tare da ta ji kunyar kowa ba. Ta tsoma tulun a ruwan zafi, ta jira, ta taɓa gindinsa, ya cije ta. Duk wannan tana yi hawaye na zuba, tana sharewa da kafaɗa tana zagi, ita kanta ba ta san wa take zagi ba.

Ta jera masa. Ta durƙusa ta ɗauki tulun, ya ɗaga finjali da hannu biyu, ta zuba. Ya ɗauki yankan kifi ya sa a baki, ya yi shiru. Ya kurɓa. Ta ga maƙogwaronsa ya motsa, abin ya wuce. Ya kai hannu ga awara, ya cinye, ya koma kan kifi.

A lokacin ne suka ji tsayuwar mota a ƙofa. Genzo ya yi wuf zai tura finjalin ƙarƙashin tebur.

"Bar shi inda yake," in ji Kinue.

Yoriko ta turo ƙofa da ledar gwangwanaye a hannu. Ƙamshin ya riga ya gaya mata tun daga waje. Ta tsaya ta dubi tebur, ta dubi ubanta da kumatunsa cike da abinci, ta dubi tulun da ke hannun uwarta.

"Mama."

"Ni na zuba masa. Ba shi ya nema ba, ba Tome ba ne, ni ce. Ki je ki faɗa wa likita haka, ki faɗa wa duk wanda kika ga dama."

"Kin san abin da kike yi kuwa? Kashe shi za ki yi."

"Na sani. Ki bari ya gama ci tukuna, sai ki faɗa mini sauran."

Finjalin ya ƙare. Genzo bai yi tari ba, kansa yana ƙasa. Kinue ta karkata tulun ta cika masa, 'yarta tana tsaye tana kallo.

Ya ci abinci duk tsawon sanyin nan. Tulu ɗaya take ba shi, rabinsa ma wani lokaci, da faɗa da mita, yana ci har wandonsa ya koma ya zauna. Ya ci ƙaguwar Tome. Ya fita tasha ya zauna cikin masu ɗinkin koma ya yi musu iyayi. Da ƙanƙara ta narke, wata safiya jijiyar ta fashe, motar asibiti ba ta kai birni da shi ba.

Yoriko ta zo jana'iza, ta yi duk abin da ya kamata 'ya ta yi, ta koma Osaka. Ba ta ƙara cin abinci a gidan ba. Duk wanda ya tambaye ta yadda ubanta ya rasu, cewa take uwarta ce ta kashe shi da hannunta. Maganar takan dawo wa Kinue ta bakin mata a tasha, su faɗa su tsaya suna jira ta wanke kanta, don sun san bakinta, sun san ba ta barin ko ta kwana. Takan yi tsaki ta ci gaba da feɗe kifinta. Har yau ba ta taɓa cewa ƙarya ba ne.